Maganin ƙuma na ɗigawa a ƙeyar mage, abin da na gani bayan wata uku

Jama'a bari in ba ku labarin maganin nan na ƙuma mai sinadarin fipronil, wanda ake ɗigawa a ƙeyar mage ko kare, don wata uku kenan ina amfani da shi kuma gaskiya ya yi min aiki, amma akwai inda ya gaza.

Mu dai saboda ɓeraye muka ajiye mage, sitonmu akwai buhunan masara da gero. To da damina sai yara suka fara susa, duk idon sawunsu ƙananan ƙuraje jajaye, ni na ɗauka sauro ne na yi ta kunna maganin sauro a banza. Abin da ya tada min hankali shi ne da ƙaramar 'yata ta yi kaluluwa a hammata da zazzaɓi kamar sati biyu bayan magen ta yakushe ta a hannu. A asibiti likita ya tambaya ko muna da mage, ya ce akwai ƙwayar bakteriya Bartonella da ke cikin kashin ƙuma, mage ta yi susa kashin ya maƙale a farcenta, in ta yakushi mutum shikenan ta shiga. Alhamdulillah yarinya ta warke, amma wallahi ban ƙara kallon ƙuma a matsayin ƙaramin abu ba.

Washegari na kai magen wajen likitan dabbobi. Ya taje bayanta a kan farar takarda sai ga wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro, ya yayyafa ruwa suka narke suka koma ja. Ya ce "Hajiya kin ga wannan, jini ne da suka sha suka kasayar." Nan ya ba ni maganin, ɗan ƙaramin bututu ne na roba, a buɗa gashi a bayan wuya inda harshenta ba ya kaiwa a matse shi a kan fata, kada ruwa ya taɓa ta kwana 2, kuma ba a sa wa 'yar mage da ba ta kai sati 8 ba.

Kwana biyu susar ta ragu sosai, na ga matattun ƙuma a kan tsumman da take kwanciya, babu wani wari mai hawa kai, magen ma ba ta nuna damuwa ba sai ɗan maiƙo a gashin wurin.

Inda na ji haushi, sati na biyu cizo ya dawo a ɗakin yara. Ashe waɗanda ke jikin dabba kaɗan ne, yawancinsu ƙwai ne da tsutsa a cikin kafet da tabarma da tsagar siminti, tunda mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 50 a rana. Maganin da na saya manya kawai yake kashewa, kuma babu wanda ya jaddada min wannan a ranar farko. Sai da na fitar da kafet rana, na wanke shimfiɗu da ruwan zafi, shara kullum har ƙarƙashin gado, sannan na maimaita ɗigon duk wata kafin abin ya mutu. Ga tsada kuma, duk wata sai aljihu ya ji a jikinsa, don haka ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kar ku zuba kuɗi a jabu.

Don Allah masu shafa wa mage fiya-fiya ko maganin feshin gona ku daina, guba ce gare ta da yaran da ke rungumarta. Haka maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin, yana kashe mage.

Wani abu kuma da likitan dabbobin ya faɗa min ya tsaya min a rai, wai kada in fara sa gubar ɓera sai an gama da ƙuma, don da ɓera ya mutu ƙumar jikinsa sauka take ta nemi wani jinin, ko na mage ko na mutum. Ta wannan hanyar annobar fileg take yaɗuwa, wadda ta kashe miliyoyin mutane a Turai a ƙarni na 14, kuma har yanzu tana nan a Madagaska da Kongo da Peru, a 2017 ma ta kama mutum sama da 2,000 a Madagaska ta kashe sama da 200. Akwai kuma zazzaɓin taifus da ƙumar ɓera ke kawowa, wanda da ganin zazzaɓin mutum zai ce maleriya ce.

Zan ci gaba da saye, jiya ma na ɗiga mata na huɗu. Farcenta kuma na sa an rage, yara na hana su kwana da ita a gado.