Be Internet Awesome na Google a Ajin Firamare: Littafin Malami Ya Fi Wasan Amfani

A shekarar 2017 kamfanin Google ya fitar da shirin Be Internet Awesome domin koya wa yara 'yan shekara 7 zuwa 12 zaman lafiya a intanet. Kyauta ne, ba a buɗe asusu. Manyan abubuwa biyu ne a ciki: littafin darussa na malami, da wasan kwamfuta mai suna Interland.

Wasan shi ne abin da kowa ke yabawa, kuma yara na sonsa. Tsibirai huɗu ne. A Reality River yaro na tsallake kogi ta hanyar amsa tambayoyi kan saƙonnin yaudara, in ya kuskure sai ya faɗa ruwa. Tower of Treasure na kalmar sirri ne, Kind Kingdom kuma na toshe masu cin zali da kai ƙararsu. Mindful Mountain ya fi wuya: da madubai ake karkatar da haske don saƙo ya isa ga wanda ya dace kaɗai, kuma 'yan aji biyu da uku kan shagala da madubin su manta darasin. Ginshiƙan shirin biyar ne, amma na biyar, wato yaro ya faɗa wa babba idan ya ga abin da ya tayar masa da hankali, ba shi da tsibiri. Shi ne kuwa mafi muhimmanci.

Matsalar wasan a makarantunmu a bayyane take. Yana buƙatar intanet da kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Tsohuwa sai ta riƙa sarƙewa. Tambayoyin da Turanci suke, don haka yaron da karatunsa bai nuna ba canka kawai zai yi ta yi har ya haye kogin, bai koyi komai ba. Malami kuma ba shi da shafin da zai ga makin kowane ɗalibi. In kwamfuta ɗaya ce ga aji mai yara 60, dabarar ita ce a buɗe Reality River tun kafin a kaɗa ƙararrawa, a raba yara rukuni shida, malam ya karanta tambaya ya fassara, kowane rukuni ya faɗi amsarsa da dalili kafin a danna. Dalilin nan shi ne darasin. Akwai shirin da Larabci, wanda wasu Islamiyyu za su fi jin daɗinsa.

Littafin malami ne ya cancanci wahalar. Sau ɗaya ake sauke shi a buga, kuma yawancin ayyukansa allo da alli sun wadatar, ko an ɗauke wuta. Ɗauki darasin kalmar sirri: yaro ya ƙirƙiri jimlar da ba zai manta ba, ya tsinci harafin farko na kowace kalma. "Kaka ta sayi awaki 3 a kasuwar Wudil ranar Juma'a" ta zama Ktsa3akWrJ, a ƙara alama ɗaya a ƙarshe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne rabin aji su kwafe misalin allo su mayar da shi nasu, saboda haka a goge shi kafin su fara, kuma kada malam ya karɓi takardunsu don dubawa.

Sai dai an rubuta littafin ne da yaron Amurka a zuciya, mai imel da na'urarsa. Namu wayar Mama yake ɗauka bayan Magariba, wayar da asusun banki ke ciki. Dole a sauya misalan. A rubuta a allo: "Barka! Lambarka ta ci kyautar N50,000, turo lambobin da aka aiko maka yanzu." A sa yaro ɗaya ya zama mai kira daga "banki" yana neman BVN, wato lambar shaidar mai asusun banki, ɗayan ya gwada yadda zai ce "bari in kira Baba" ya kashe wayar. A maimaita har bakin ya saba. Haka batun tura hoton ɗan'uwa a zauren WhatsApp ba da izininsa ba; a kira shi da sunan da yara suka sani, tonon asiri da cin amana, nan take suke ganewa.

Ga 'yan aji huɗu zuwa shida ya dace sosai, darasi ɗaya a mako. Ƙasa da haka a ajiye wasan, a tsaya kan abu biyu: ba a ba baƙo lamba, kuma duk abin da ya ba ka tsoro a waya ka nuna wa babba.