Gigin tsufa: a bar Inna a gidanta ko a ɗauko ta zuwa birnin Garwa na Kamaru?

A gidanta ƙafarta ta san hanyar banɗaki ko da kanta ya manta, maƙwabta kuma sun san ta, in ta fita sai su mayar da ita. Wannan ya fi, muddin akwai mutum ɗaya tsayayye da ke kwana da ita, ba jikoki masu karɓa-karɓa ba. A rufe rijiya, a raba ta da murhu, maganin hawan jini ya zauna hannun mai kula, don tana iya sha sau biyu.

Ɗauko ta birni yana kawo ta kusa da likita, amma baƙon ɗaki na ƙara ruɗa ta, musamman daga la'asar zuwa magariba, sa'ad da za ta naɗe tabarma ta ce gida za ta. Kada a yi mata gardama. A zo da gadonta, butarta da carbinta, a bar fitila a kunne har safe. Zafin Garwa a Afrilu yakan wuce digiri 40, ita kuwa ba za ta ce tana jin ƙishi ba. A miƙa mata kofi duk awa biyu.

Ko'ina take, in ruɗewar ta tsananta cikin kwana ɗaya, a duba zazzaɓi da ciwon fitsari.