Mitar gudun ruwa ko agogon matsi: wanne ke kama yoyo a ban ruwa na ɗigo?

Malam, tambayarka ita ce: kana da gonar tumatir a bakin kogin Galma, tiyon ɗigo ne, bawuloli na buɗewa da kansu bisa lokaci, gafiya na huda maka tiyo ba ka sani sai kunya ta jiƙe sharkaf. Mitar gudun ruwa za ka saya ko agogon matsi?

Agogon matsi ba ya buƙatar wuta, kuma shi ne mafi araha. Amma ƙarfin turin ruwa kawai yake nunawa. Idan babban bututu ya fashe, allurarsa za ta faɗi nan take. Idan kuwa ƙaramar huda ce a tiyo ɗaya cikin ashirin, famfo zai cike giɓin, allura ba za ta motsa yadda ido zai gani ba. Ga shi kuma sai mutum ya je ya duba, alhali ruwan yana tafiya ne da asuba ba kowa a gona.

Mitar gudu lita take ƙirgawa, nan ne ƙarfinta. A ce sashe ɗaya yana da idon ɗigo 600, kowanne na ba da lita 2 a awa. Lita 1,200 ke nan a awa, wato lita 20 a minti. Ranar da ka san komai lafiya, ka buɗe kowane sashe shi kaɗai, ka rubuta abin da mita ta nuna. Daga nan a saita na'urar sarrafawa, wato wadda ke buɗe bawuloli da rufe su: in gudu ya haura wannan adadi da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ta rufe babban bawul. In ya yi ƙasa, toshewa ce. In kuma ta ga ruwa na wucewa alhali duk bawuloli a rufe suke, to bawul ne ya maƙale ko babban layi ke tsiyaya. Wannan na ƙarshe agogon matsi da wuya ya faɗa maka. A ba na'urar jinkirin minti biyu zuwa uku bayan buɗewa, domin lokacin da tiyo ke cika gudu yana hawa sosai, sai ta ɗauka yoyo ne.

Ƙaramar mita mai farfela irin YF-S201 rabin inci ce, tana auna lita 1 zuwa 30 a minti, tana aika wa na'urar sarrafawa kusan bugun sigina 450 a kowace lita. Kada a matsa ta a bututu mai inci biyu, za ta shaƙe ruwan. A nemi daidai girman layin. Ruwan Galma da na wasu burtsatse yana ɗauke da yashi, yashi kuwa yana riƙe farfela, mita ta nuna sifili ruwa na zuba. Don haka bayan matatar ruwa, wato filta, za ta zauna, ba gabanta ba. A bar miƙaƙƙen bututu ninki goma na faɗinsa kafin ta, ninki biyar bayanta, a bi kibiyar da ke jikinta. A gwada ta da jarkar lita 20, saboda masu arahar nan kan kauce da kusan kashi goma.

Abin da ba za ta yi ba shi ne nuna maka wurin hudar. Sashe kawai za ta faɗa, sauran sai ka bi layi da ƙafa.

In ɗaya za ka iya saya, mitar gudu. In kuɗi ya ragu, ka ƙara agogon matsi biyu, ɗaya gaban matatar ɗaya bayanta. Idan bambancinsu ya kai kusan rabin "bar", wato ma'aunin matsi da ke jikin agogon, lokacin wanke matatar ya yi.