Gargaɗi ga ma'aikatan labo a Yamai: tiyon PEEK na jabu ya shigo gari

Jama'a masu aiki da injin HPLC, wato injin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur don a auna su, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke bin ɗakunan gwajin magunguna da na abinci a nan Yamai, yana tura hotuna ta WhatsApp, wai yana da tiyon PEEK na asali daga Turai a rabin kuɗi. PEEK wata roba ce mai ƙarfi da ake yin siraran tiyon da ruwa ke bi a cikin injin da ita. Sharaɗinsa shi ne a fara tura kafin alƙalami, kaya su biyo baya a hannun ɗan aike. Ba takardar saye, ba lambar kaya, kwalin ma ba sunan kamfani.

Da launi yake cin mutane. Kun san launin tiyon ne ke nuna faɗin raminsa: ja milimita 0,13, shuɗi 0,25, kore 0,75. To shi wata roba mai laushi yake samowa a rina ta. Wadda aka kawo wa wata abokiyar aikinmu ja ce, amma ramin ya buɗe har ido na gani, da aka goga mata auduga da sinadarin metanol sai jan ya bi audugar. PEEK na gaske yana da tauri, yana gardama in ka lanƙwasa shi, haske ba ya ratsa shi, kuma sai zafi ya kai digiri 343 na Salsiyos yake narkewa.

Babbar ƙaryar kuwa, cewa da yake yi tiyonsa na ɗaukar matsin ruwa har bar 1000 (bar ma'aunin matsi ne). Ko na asalin mai kaurin 1/16 na inci, iyakarsa ba ta kai bar 500 ba. Aikin da ya wuce haka sai tiyon ƙarfe marar tsatsa, ko ƙarfe mai shimfiɗar PEEK a ciki, in ana gudun furotin ya taɓa ƙarfe ko ruwan gishiri ya ci shi. Robar banza kan kumbura ta fashe tsakanin famfo da kolon, wato bututun da ke rarrabe sinadaran, ta watsa wa mutum sinadarin asetonitril a ido. In ba ta fashe ba ma, ramin da ya yi faɗi zai baje sakamakon, a wanke maganin da ya kamata a kama.

Duk wanda ya riga ya saya, don Allah kar ya haɗa shi da kolon. A ajiye tiyon da takardar aika kuɗin da saƙonnin muryarsa, a kai wa ƴan sanda. Ya kan canza lamba, don haka ku tura wa na Tawa da Maraɗi su ma.