Na ɗauki ɗan jagora don bukukuwan Sakkwato: inda kuɗina ya yi rana da inda bai yi ba

Baƙon da ya zo Sakkwato don kallon bukukuwa zai tarar babu inda aka rubuta masa ranakunsu. Sallah da Maulidi wata suke bi. Dambe da kokawa sai an kai gero rumbu. Sharo kuwa, in ba ka da wanda ya san Fulanin yankin, sai an watse ka ji labari. Shi ya sa da aiki ya kawo ni garin na nemi ɗan jagora. Abokan aiki suka haɗa ni da wani dattijo mai mota, muka shirya a kan duk abin da ya taso ya kira ni, ni kuma in zuba mai in biya ladan yini. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake kirana.

Da Hubbaren Shehu ya fara, kuma nan na gane ba direba kawai na ɗauka ba. Kowa na iya hawa kabu-kabu ya ce a kai shi Hubbare. Amma shi sai da ya tsaya da ni ya nuna mini makwancin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya gaya mini Nana Asma'u ma nan take kusa da mahaifinta, da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ya yi shekara 50 a kan gado kafin rasuwarsa a 1988. Ya san masu kula da wurin, ya san inda ake tuɓe takalmi, ya san wanda ya dace a miƙa wa sadaka ba tare da an yi maka caa ba. Daga nan muka je gidan tarihi na Waziri Junaidu, wata rana kuma Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello yake. Waɗannan ba bukukuwa ba ne, amma wanda bai fara da su ba zai kalli hawan Sallah bai san abin da yake kallo ba.

To, hawan Sallar. In ka saba da na Kano ko Katsina ko Zazzau, inda ake kwanaki ana hawa da dawaki ba iyaka, rage buri tun daga gida. Na Sakkwato ya fi nutsuwa. Ana sallar Idi a Fakon Idi, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya koma fada da hakimai da dogarai, algaita da kakaki suna tashi, ya yi wa jama'a jawabi. Kwarjini akwai, kuma mutum yakan tuna cewa daga wannan fadar ce ake sanar da ganin watan da Musulmin Najeriya suke jira. Sai dai a gaskiya wannan ranar ba na bukatar jagora. Cunkoso ya sa muka ajiye motar nesa muka taka, kuma duk da haka na biya ladan yini cur.

Babbar Sallah ce ta fanshe. Tun kafin ta ƙarato ya ce mu je kasuwar Acida ranar Laraba, daga baya Illela ranar Lahadi, can bakin iyaka da Ƙonni ta Nijar. Raguna ne iya ganinka, uda da balami, dillalai na buɗe bakin rago suna nuna haƙori, ciniki na tafiya ƙasa-ƙasa. Ranar layya kuma ya kai ni unguwarsu ganin tareni. Ba a yanyanka naman a soya nan take kamar yadda muke yi a gida. Ana feɗe ragon, a buɗe shi, a tsire shi da sanduna biyu a gicciye, a kafa su jere kewaye da tulin itace mai ci. Maƙwabta kan haɗa ragunansu wuta guda, matasa na juya su, kitse na ɗiga ƙasa, hayaƙi ya cika lungu har dare. Sai washegari a sauke a yi rabo. Na tambaye shi ko ba za a ɗan yanko mana mu taɓa ba, ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga nama sai gobe. Yau kayan ciki ka ci, ka yi haƙuri." Kayan cikin kuwa matan gidansa suka soya, da yaji, muka ci a zaure. Wannan ba abin da kuɗin mota ke saya ba ne.

Maulidi ya zo da zagayen ɗaliban Islamiyya cikin sababbin kaya da waƙoƙin bege. Ya kuma kai ni zaman musabaƙar Alƙur'ani ta jiha. Musabaƙar ƙasa ma asalinta nan ne, Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ta faro ta a 1986. Duka biyun kyauta ne, kuma ana jin sanarwarsu a rediyo.

Inda aikinsa ya fi daraja a wurina shi ne kaka zuwa hunturu. Lokacin ne ƙauyuka ke da hatsi da ɗan kuɗi, iska ta yi sanyi, ake kafa fagen dambe da kokawa. Babu allon talla, labari ne ke yawo a tasha da majalisa, shi kuma kunnensa na can. Wata yamma ya kira ni, muka isa wani fage ana gab da farawa. Na tsaya kusa da wani ɗan dambe ana naɗe masa hannu, an fara da tsumma sannan aka bi da igiya ana ja ana ɗaurewa har dunƙulen ya koma kamar kan taɓarya. Mai kalangu ya matso yana zuga shi, shi kuma ya ɗaga hannun sama yana kirari, muryarsa har ta dushe. Ba a yi nisa da turmi na biyu ba ya kai abokin karawarsa ƙasa, fili ya ruɗe, masu liƙi suka shiga. Sharo mun same shi a gefen wata kasuwar ƙauye. Saurayi tsaye ba riga, madubi a hannu yana duban fuskarsa, tsumagiya ta sauka a haƙarƙarinsa bai ko ƙifta ba. Baba ya ce yanzu ya ja baya ƙwarai, malamai na hani, rashin tsaro kuma ya tarwatsa rugage da yawa.

Maganar tsaro, nan ma na yaba masa. Na so mu je wajen Sabon Birni da Isa, ya ƙi ƙememe. "Malam, ba mu tahiya can. Kuɗinka ba su kai raina ba, ba su kai naka ba." Kuma duk inda muka je sai ya dawo da mu gari kafin magariba, ko da wasa bai ƙare ba. Wanda bai san cewa gabashin jihar na fama da 'yan bindiga ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙyuya.

Aibunsa kuwa ba ɓoyayyu ba ne. In ya ce ƙarfe takwas, ka sa ran tara da rabi. Na'urar sanyaya motarsa ba ta aiki, abin da ba ka damuwa da shi a watan Disamba, amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, azaba ce. Ya sa bikin kamun kifi na Argungu cikin lissafin da ya yi mini tun farko, alhali Argungu tana jihar Kebbi tun 1991, kuma bikin ba kowace shekara ake yin sa ba, don bayan na 2009 sai a 2020 aka sake yi. A shekarar tamu ba a yi ba, muka ƙare da gidan tarihi na Kanta da kallon kogin Matan Fada. Sannan duk sanda na ce ina son kayan fata, shagon mutum guda yake kai ni a Shiyar Madunka. Aikin fatar jar akuya ne mai kyau, ban musa ba, amma da na koma ni kaɗai na sami irin jakar a maƙwabcin shagon da sauƙi sosai.

Bana zan sake ɗaukarsa don kaka da kasuwannin Babbar Sallah, kuma mun yi magana kan zuwa kufan Surame, tsohon birnin Kanta sarkin Kabi, a ƙaramar hukumar Binji in hanya ta yi lafiya. Idi da Maulidi da sayen fata kuwa kabu-kabu ya ishe ni. Ladan yini ma na ce masa a mayar da shi na rabin yini duk ranar da ba mu fita wajen gari ba. Ya ce zai yi shawara.