Kafin ka sayi bindigar magnum a Saudiyya: saiti, garanti da wanda zai gyara

Duk shekara idan Oktoba ta tsaya aka buɗe baje kolin shaho da kayan farauta na Malham, arewa da Riyad, tambaya ɗaya ce take yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwanmu na Makka da Jidda da Madina: wace magnum ce ta fi, wato bindiga mai cin harsashi mai yawan albarushi da ƙarfin gudu? Mai tambaya sunan kamfani yake jira a ba shi. Ni kuwa a ganina sunan kamfani shi ne na uku a layi. Na farko abin da za ka harba, na biyu wanda zai karɓi bindigar daga hannunka a nan cikin ƙasar ranar da ta ƙi saiti.

Maganar doka gajera ce. Lasisin mallakar bindiga Ma'aikatar Cikin Gida ce take bayarwa, kuma na 'yan ƙasa ne, saboda haka ɗan'uwa mai iƙama ya karanta don ƙaruwa kawai. Izinin farauta kuma yana hannun Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, ta dandalin Fitri, da lokacinsa da jerin tsuntsayen da aka yarda a harba. Barewa da mariri da akuyar dutse ba sa cikin jerin, tararsu kuma ba ta wasa ba ce. Ke nan magnum a hannun mazaunin Saudiyya aiki biyu gare ta: huda takarda a filin harbi mai izini, ko tafiya farauta waje, irin su Namibiya, Afirka ta Kudu ko Tanzaniya. Wanda ba shi da niyyar tafiya, mita 100 zuwa 300 kawai zai riƙa harbi, ya sayi mai cin ƙaramin harsashi irin .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor ya huta da ciwon kafaɗa da na aljihu.

Harsashin .300 Winchester Magnum yana cin albarushi wajen giram 4.5 a harbi ɗaya, na .308 kuwa wajen giram 3. Wannan ƙarin shi ne yake kai ƙwayar harsashi mai nauyin giram 11.7 gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, shi ne kuma yake kawo shuri mai ƙarfi, da zafin bututu, da cinyewar maƙogwaron bututun da wuri. A ƙiyasin maharba, bututun .300 yana fara gajiya tsakanin harbi 1,000 da 2,000, na .308 kuwa yakan ninka haka har fiye. Mai zuwa fili duk Juma'a ya yi wannan lissafin tun yanzu.

Idan tafiyar ta tabbata, zaɓin harsashi ba ya da wahala. .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, shi ne aka fi samu a shaguna a kusan duk ƙasar da ake farauta, kuma wannan kaɗai ya isa dalili. 7mm Remington Magnum na 1962 ya fi shi sauƙin shuri, ya ishe ka duk wata dabbar fili mai ƙaho. Mai neman ɓauna kuwa .375 H&H na 1912 zai nema, don ƙasashen Afirka da dama daga nan suke fara yarda a tunkari manyan dabbobi masu haɗari. Harsasan Weatherby suna da gudu, suna da tsada, ba kowane shago ne yake ajiye su ba. Su .300 PRC na 2018 da 7mm PRC na 2022 sababbin yayi ne kuma suna da kyau ƙwarai, amma kafin ka saya ka tambayi mai shago kwali nawa gare shi a ƙasa, ba wanda zai yi oda ba.

Sai takardar alkawarin saiti, inda yawancin rigima take farawa. Za ka ga an rubuta MOA 1 a jikin kwali ko a talla. Ma'anarsa harsasan su taru cikin faɗin santimita 2.9 a mita 100, ko inci ɗaya da ɗan ɗigo a yadi 100. Tikka T3x ta ƙasar Finlan tana alkawarin haka da harbi uku. Yayarta Sako, da ake ƙera su a masana'anta ɗaya a garin Riihimäki, harbi biyar take alkawari, kuɗinta ma ya nuna haka. Weatherby Vanguard, wadda Howa ta Japan take ƙerawa, ta ce harbi uku ƙasa da inci ɗaya a yadi 100, da bututu mai sanyi, da harsashinsu ko wani mai daraja irinsa. Bergara ta Sifen ita ma ta sa sharaɗin harsashin kamfani na gasa. Ka lura da sharuɗɗan: bututu mai sanyi, harsashi mai tsada, harbi uku. Bindiga mai matsakaicin kyau ma tana iya haɗa uku wuri ɗaya idan aka yi ta gwadawa, biyar kuwa ba sa haɗuwa da sa'a. Alkawarin cewa yake bindigar tana iya yi, bai ce za ta yi a hannunka kowane lokaci ba. Kuma da yawa daga cikin alkawuran nan don kasuwar Amurka aka rubuta su, sai ka tambaya ko wakilin nan ya ɗauke su a kansa.

Remington 700 tana da tata magana. Kamfanin ya durƙushe a 2020 aka sayar da shi gunduwa-gunduwa, masu ƙera bindigar yanzu, RemArms, ba su ne suka ƙera tsofaffin ba. Idan an kawo maka ta hannu, ko sabuwa da ta daɗe a sito, ka binciki shekarar ƙira kafin ka dogara da kowace takarda.

A nauyi ma akwai bambanci da mutane suke raina wa. T3x Lite wajen kilo 3 ce, daɗin ɗauka a dutse, amma a .300 tana shuri har haƙora, siririn bututunta kuma yana ɗaukar zafi nan da nan. Vanguard ta ɗan fi ta nauyi. Bergara B-14 HMR ta haura kilo 4, da kaurin bututu da ƙashin ƙarfe a cikin ƙotarta, ta fi dacewa da mai zama kan bencin filin harbi. Ƙotar katako tana da kyan gani, sai dai bindigar da take zaune a danshin Jidda aka kai ta bushewar Najadu, yankin Riyad, katakon yana motsi, saiti ya bi shi. Ƙotar roba mai arha kuma takan lanƙwashe ta taɓa bututu idan aka ɗora ta kan ƙafafu biyu aka danna.

Wani ɗan yayata ya sayi .300 mara nauyi, bai yi wata ba ya zo min da takardu a hannu, ransa a ɓace.

"Kawu, wallahi an cuce ni. Dubi nan, watsa harsashi take yi kamar ta tsuntsaye."

Na duba. Biyun farko sun kusa haɗe baki, na uku ya hau sama da faɗin yatsu uku, na huɗu da na biyar suka ƙara hawa. Na ce, "Ƙarfe nawa ka yi harbin nan, kuma ina harsasan suka wuni?" Bayan azahar ne, kwalin kuma yana cikin mota tun safe. A bazarar ƙasar nan cikin mota a rufe yana haura digiri 60, albarushi mai zafi yana ƙara matsi da gudu, wurin faɗuwa ya sauya. Ga bututu siriri da aka yi wa harbi biyar a jere, ga kawalwalniya tana rawa a cikin madubin hangen nesa na kan bindigar. Harsasai masu hawa layi ɗaya irin wannan yawanci zafi ne ko bututu yana taɓa ƙota. Masu warwatsuwa ko'ina ba tsari kuwa sai a zargi sukuru, madubi ko maharbin.

Muka koma da sassafe. Na karɓi bindigar ina ɗura masa da kaina, ya juya baya, na saka harsashin atisaye mara albarushi a tsakiya ban faɗa masa ba. Da ya zo kansa ya ja kunama, ƙaras kawai ta yi, amma idonsa ya rufe, kafaɗarsa ta zabura gaba, bakin bindiga ya duƙa ƙasa. Shi da kansa ya yi dariya. Laifi tudu ne. Magnum tana koya wa jiki tsoro ba tare da mai jikin ya sani ba, kuma wannan ba ya cikin garantin kowa. Maganinsa yawan jan kunama ba harsashi, da toshe kunne ninki biyu, da rage yawan harbi a zama ɗaya.

Idan maharbi ya fita daga zargi, sai a bi sauran daga mai sauƙi. Ka cire sakata, ka tabbatar babu komai a ciki, sannan ka duba sukurorin da suka haɗa ƙarfe da ƙota, da na gindin madubi, da na zobba. A ɗaure su da sifana mai awo daidai da lambar da ke cikin littafin, ba da ƙarfin hannu ba, don matse zobba fiye da kima yana lalata madubi. Ka zura takardar riyal biyar ƙarƙashin bututu daga gaba ka ja ta baya. Idan ta maƙale a bindigar da aka ce bututunta a sake yake, ka samo wani abu. Amma wasu kamfanoni da gangan suke barin ɗan tudu a ƙarshen ƙota, kada ka ɗauki sanfefa ka goge shi, garantinka za ka goge. Ka haska bakin bututu ka ɗauki hotonsa da waya ka faɗaɗa, ɗan tsagi a leɓen nan ya isa ya karkatar da harsashi. Ka wanke da maganin cire jan ƙarfe, in ƙyallen yana fitowa shuɗi to akwai saura. Sai ka ari madubin da aka san lafiyarsa ka ɗora. Madubi mai arha a kan magnum shi ne babban mai laifin da ake ɗora wa bindiga zunubinsa. Daga ƙarshe ka gwada harsasai iri uku ko huɗu masu nauyi daban-daban, kan buhun yashi, kana barin bututu ya huce har ka iya riƙe shi da hannu tsakanin harbi da harbi. Wanda bindigar ta so, ka sayi da yawa daga lambar ɗauri ɗaya, wato lambar da kamfani yake bugawa a kwalin waɗanda aka ƙera tare.

Wani lokaci duk an yi wannan kuma bindigar ce da laifi: bututun da ba a ɗaura daidai ba, ɗakin harsashi da aka huda a karkace, ƙota da ta fito a murɗe. Nan ne za ka gane wa ka saya a wurinsa. Bindiga ba ta shiga jakar kamfanin aike, ƙetare iyaka da ita sai da izinin fita da na shiga a ɓangarori biyu, saboda haka mayar da ita Finlan ko Sifen ko Japan aikin watanni ne, idan ma ya yiwu. Garantinka na gaskiya yana hannun dilan da ya shigo da ita. Rumfar baje koli kuma naɗe ta ake yi idan an tashi, ka nemi adireshin shagonsu na dindindin da lambar rajistar kasuwancinsu.

A gaban kanta, kafin kuɗi su fita, ka yi tambayoyin da mai shago ba ya so. Ku ne wakilan kamfanin ko saro kuka yi? Idan ta ƙi saiti wa zai gwada, a ina, a mita nawa, da wane harsashi, harbi nawa? Kuna da maƙeri a nan, ko kayan gyara? Gyara za a yi ko canji, kuma kwana nawa? Za ka ji, "Haba Alhaji, wannan ai ba ta ba da matsala, in ta yi kawo min ita." Ka amsa da fara'a, "Na yarda da kai ɗan'uwa, sa min shi a fatura, a rubuce kan rasit." Wanda ya rubuta ya fi wanda ya rage maka riyal dubu. Ka kuma tuna lasisi yana ɗauke da lambar bindiga, idan aka canza maka wata sai an koma kan takardu, gara ka san wa zai bi su.

Da zarar ka fara shakkar bindiga, ka daina taɓa ta. Gyaran kunama, cike ƙota da gam, yanka zare a baki don ɗaura maragin shuri, harsashin ɗurin hannu, kowanne ƙofa ce da dila zai fita ta cikinta. Ka ajiye takardun harbinka, a jikin kowace ka rubuta rana, nisa, irin harsashi, lambar ɗauri da zafin gari. Ka sa wani gwanin maharbi ya harba ta a ɗauki bidiyo, don amsar farko da za ka samu ita ce hannunka ne. Ka miƙa koke a rubuce, ka karɓi takardar shaidar sun karɓi bindigar da lambarta da yanayin da take. Idan aka fara yi maka gobe-jibi, akwai Ma'aikatar Kasuwanci, a lamba 1900 ko manhajar Balagh Tijari, kuma fatura da rubutaccen alkawari su ne za a fara nema a wurinka.

Da ni ne mai saye don tafiya Afirka sau ɗaya a shekara, .300 Winchester Magnum zan ɗauka a bindiga mai matsakaicin nauyi, Vanguard ko Tikka, duk wadda wakilinta yake da shago da maƙeri a garin da zan iya zuwa da mota. Mai kuɗin Sako ya saya, alkawarin harbi biyar ya fi sauƙin kafa hujja a kansa. Mai zama kan benci ya dubi Bergara mai kauri. Kowacce ka zaɓa, ka ware wa madubi da zobba kuɗin da ya kusa na bindigar, ka kuma yi gwajin farko cikin makon da ka karɓe ta, da irin harsashin da takardar garanti ta ambata.