Kyandir na kakin zuma: ya ci kuɗinsa in an san riƙonsa

Kyandir ɗin kakin zuma da ake haɗawa da hannu galibi iri biyu ne, akwai siriri dogo, akwai gajere mai kauri. Ya fi farin kyandir na kanti tsada, amma a zafin Damagaram kuɗin ba su tafi banza ba. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64. Shi ya sa a bazara, Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, sai ka tarar farin ya yi laushi ya karkace, wannan kuwa yana tsaye ƙyam. Ya fi jimawa yana ci, hayaƙinsa kaɗan ne, ga ɗan ƙanshin zuma. Batun wai yana tace iskar ɗaki dai zancen masu talla ne.

Babban aibinsa gauraye. Wasu na zuba farin kakin kanti a ciki, su sa launi. Kafin ka biya, a Kasuwar Dole ta Damagaram ne ko wajen mai zuma, ka sansana, sannan ka ɓantari ɗan gutsure daga gindi ka murza. Na gaske yakan yi laushi ya dunƙule a yatsa, gauraye kuwa sulɓi yake yi kamar maiƙo ko ya marmashe.

Aibi na biyu lagwani. Kakin zuma ko ya narke yana da kauri, lagwanin auduga saƙaƙƙe mai ɗan gwaɓi yake so. In aka sa masa siririn zare, wutar sai ta yi ta ƙanƙancewa har ta nutse cikin ruwan kaki. A nan masu kaurin suka fi kasawa. Kafin kowane kunnawa a datse lagwanin da almakashi, a bar milimita 6. In ya wuce haka wutar za ta yi tsalle, kan lagwanin ya yi baƙin kumburi, bango ya sha baƙi.

Mai kaurin yana da sharaɗi a kunnawar farko: a ba shi kamar awa ɗaya ga kowace santimita biyu da rabi ta faɗinsa, har narkakken kakin ya kusa kai gefe. Wanda ya kashe shi da wuri, don an dawo da wuta bayan minti 20, ya haƙa masa rijiya a tsakiya, kuma cikin ramin nan zai yi ta ci, gefen ya tafi asara. Kada dai ya wuce awa huɗu a jere.

Wurin ajiyewa ba abin wasa ba ne. Kwanon ƙarfe a zuba yashi rabi, a kafa kyandir a ciki, ko ya faɗi yashin ya tare shi. Nesa da gidan sauro, labule, zana da katifar soso, kuma ba a ɗakin da ke da kwalbar fetur ta babur ba. Iskar fanka ko ta taga na kwantar da wutar gefe guda, kakin ya tsiyaye. Ba a barinsa da yara, ba a yin barci a bar shi. In saura santimita 2, ya gama aiki.

Wajen kashewa kada a zuba ruwa, kaki mai zafi fantsama yake. A tura lagwanin cikin ruwan kakin da ɗan ƙarfe, a miƙar da shi.

A hunturu ƙura na manne masa, sai a naɗe shi a takarda a sa a inuwa. Farin garin da kan fito a jikinsa ba lalacewa ba ce, halin kakin zuma ne, tsumma mai laushi ke goge shi.

Ga gidan da ɗauke wuta ba ta jimawa, siririn ya fi dacewa. Mai kaurin sai mai zaman karatun dare.